Hajiya Mahfuza da Baƙin Ɗigo a Tafin Amarya

Duk uban da zai kai 'yarsa aikin lalle gidan bikin Hindu, ya leƙa jakarta kafin ya tada mota. Ni ban leƙa ba, kuma saura ƙiris abin da ke ciki ya raba 'yata da Dubai. Wadda ta tare mana wannan masifa nake so in yi wa jinjina, tun kafin ta tattara ta koma Kano.

Hajiya Mahfuza tana da ɗan shagon lalle a unguwar Abu Hail ta Dubai. Tana idar da sallar asuba take tankaɗe gari, ta kwaɓa da lemon tsami, ta rufe ya tsima, sannan ta zauna naɗa ledojin zane. Shekara da shekaru ke nan. Ta yi wa matan 'yan kasuwarmu, ta yi wa Larabawa, har Indiyawa suka gano ta, su da suke ware wa lalle yini guda cur a bikinsu. Indiyancinta na kasuwa ne, amma yana kai ta inda take so.

Ni direba ne a wani kamfanin jigilar kaya a Al Quoz. Albashina bai kai in ci gaba da riƙe 'yata Ummulkhair a kan bizata ba. Hajiya ce ta ɗauke ta, ta yi mata biza da sunan shagonta.

Ranar da abin ya faru ni na kai su gidan wata amarya, Nandini, na tsaya bakin ƙofa da kayan aiki. Furanni ko'ina, ganguna na tashi, mata na rawa, jikin amarya da sauran kurkum ɗin da dangi suka shafa mata. Washegari ubanta zai ɗora hannunta cikin na ango a gaban wuta, idon kowa a kai. Hannun nan shi ne bikin.

Hajiya ta kama na dama, ta ba Ummulkhair na hagu. To, mu a Kano lallen amarya ba ya cika sai da baƙi. Yarinyar nan, don ta burge, ashe ta ɓoyo baƙin dayis a jaka. Ta fara fure da shi a tsakiyar tafi. Kakar amarya ta gani, ta ɗaga hannu, ganguna suka mutu. A wurinsu baƙi ba ya kusantar amarya, mugun fata ne. Ga shi ba a yarda da dayis a shagunan ƙasar nan ba. Ƙara ɗaya ta isa a rufe shago, bizar 'yata ta bi ruwa.

"Malam Dikko, daina karkarwa ka miƙo min man zaitun," in ji Hajiya. "Ba kai za a aurar ba."

Ta goge da auduga, ta sake gogewa. Furen ya fita, sai ɗigo ɗaya kamar ƙwayar dawa da ya riga ya kama. Ta je ta durƙusa gaban tsohuwar. Daga baya ta faɗa min abin da ta ce: "Kaka, yarinyata ce, laifin nawa ne. A garinmu haka ake girmama amarya. In kin ce mu tashi, yanzu mu tashi."

Tsohuwa ta daɗe tana duban tafin. Can ta yi magana, mata suka fashe da dariya.

"Me ta ce, Hajiya?"

"Ta ce a bar ɗigon. Dama su ma suna ɗiga wa mai kyau baƙi don kore kambun baka, kuma jikarta ta yi kyau da yawa."

Ganguna suka dawo. Na zaci Hajiya za ta kori Ummulkhair zuwa mota. Sai ta damƙa mata jan lalle. "Yalla, share hawaye ki ƙarasa. Ki ɓoye sunan ango cikin zanen yadda sai ya yi gumi kafin ya gano."

Washegari aka gayyace mu. Da idona na ga hannun nan mai ɗigo cikin na ango, suna zagaya wuta, ana watsa musu fure. Kakar ta hango 'yata, ta aiko mata da alewa.

Hajiya, ke ce kika durƙusa don laifin da ba naki ba. Ke ce bango abin jingina ga 'ya'yan mutane a ƙasar da ba mu da dangi. Kin san al'adar wasu, ba ki yar da taki ba. Na gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ba ki lafiyar bayan nan da ya gaji da sunkuyo. Masu sana'a da ke riƙe yaran wasu, ku yi koyi da ita: yaro in ya yi kuskure, a tsaya masa, a sake ba shi aiki.

Wata mai zuwa Hajiya za ta koma Kano. Indiyawa sun fara neman Ummulkhair da sunanta. Amma wanda zai karɓi shagon, da ko zai sabunta mata biza, har yau ban sani ba.