Alfadarin da Ya Kai Malam Zakari Asibiti

Da hantsin Talata, 19 ga Agusta, 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Zakari Riko, makaniken da garejinsa ke gab da shingen kan iyaka a Jibiya. Ya rasu a asibiti a Katsina yana da shekara sittin da ɗaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Zakari, na san ka shekara goma sha biyu da suka wuce, lokacin da jaridarmu ta turo ni rahoton kan iyaka, motata ta mutu a gaban rumfarka. Ba ka buɗe ta ba sai da ka sa na tayar da ita sau biyu, kai kana sauraro ido rufe. Ka faɗi abin da ya lalace, kuma shi ɗin ne. Daga baya na gane direbobin Maraɗi sukan wuce gareji uku su zo gare ka, domin ba ka canza abin da zai gyaru, kuma wanda mota ta mace wa a gabanka ba ya tashi bai ci abinci ba.

Muhawararmu ta samo asali ne daga wata jar motar tsere mai kujera biyu, ta Alhaji Bubakar, ɗan kasuwar Maraɗi. Cikinta ya kusa taɓa ƙasa, duk tudun da ta hau sai ta kankare. Ya roƙe ka ka ɗaga ta don ya riƙa zuwa gonarsa ta Gangara. Ka ƙi. Ka ce masa wanda ya ƙera ta ya auna komai, kuma ba a ɗora wa dokin sukuwa mangala.

Bayan wasu shekaru Alhaji ya sayar da ita, ya sayo jif, wadda mutanen Nijar ke kira katkat, mai ɗauke da tambarin wani kamfanin motocin tsere. Ka zagaya ta sau biyu, ka laƙaba mata suna alfadari. Ka nuna tambarin da ke hancinta ka ce, "An tambai alfadari ubanai, ya ce doki na kawunai." Ka yi alkawari a gaban jama'a ba za ka taɓa shigarta ba.

Ni kuwa na ɗauki ɗaya ɓangaren. Na karanta cewa irin waɗannan manyan motoci su ne suka fi karɓuwa a kasuwa, kuma ribarsu ce ke ba wasu kamfanonin damar ci gaba da ƙera ƙananan na tsere. Ka ce wannan hujjar ɗan kasuwa ce, kai ta maƙeri kake nema. A ganinka tsayi da gudu abokan gaba ne: mota mai tsayi idan ta sha kwana da gudu kifewa take yi, kuma kamfanin da ya yi suna a abu ɗaya bai kamata ya ara wa wani abu sunan ba. Amma abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk mujallar motoci da na kawo maka, shafin alfadarin kake fara buɗewa, ka sa ni in fassara maka har ƙananan rubutun ƙarƙashin hoto. Ban san mai ƙin abu da ya kai ka son saninsa ba.

A ranar 10 ga watan nan ciwon ƙirji ya kada ka a gida, a Riko, bayan ruwan kwana biyu. Hanya ta yanke, ƙananan motoci biyu sun gwada sun kafe. Ɗanka Uwaisu ya kira Alhaji Bubakar, shi kuma ya turo alfadarin. Uwaisu ya ce ka daɗe kana kallonta daga kan tabarma, mai ɗakinka Hajiya Tsahara tana roƙonka, kafin ka yarda a ɗauke ka. Ta ratsa caɓi, ta hau kwalta, ta miƙe. A hanya, numfashi na yi maka wuya, ka sa direba ya kashe rediyo don ka ji injin.

Allah Ya ƙara maka kwana tara, ka gana da iyalinka, ka yi wasiyya. Da na zo duba ka na yi niyyar ba zan tayar da maganar ba, sai kai ka tayar.

"Ɗan jarida, ban ce sun yi daidai ba hwa. Amma alfadarin ya kawo ni. Abu guda ya dame ni: ta sha wata kwana da gudu, ba ta ko karkata ba. Ka tahi ka bincika min yadda sunka yi."

Na bincika, Malam. Irin ta Alhaji ƙafafunta na iska ne, wato jakunkunan iska ne ke ɗauke da jikinta a kan tayoyi. Idan gudu ya yi yawa takan rage tsayi da kanta, idan ta shiga gargada ta ɗago. Wato durƙusawa take yi kamar raƙumi. Na rubuta a takarda, na zana yadda zan iya, na kamo hanya ranar Talata. A ƙofar asibiti na haɗu da Uwaisu, ya kama hannuna ya shaida mini ka cika da hantsi.

Ban san hukuncin da za ka yanke ba da ka ji amsar. Ina zaton za ka ce to ai ba alfadari ba ce, sai an sake mata suna, sannan ka aike ni da wata tambayar.

Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Tsahara, da 'ya'yanka Uwaisu, da Luba, da Fiddausi, da makanikai da direbobin ɓangarori biyu na iyaka. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya haskaka kabarinka. Ya ba iyalinka haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Takardar tana hannun Uwaisu. Ya ce zai manna ta a bangon gareji, daidai inda kake zama.