Ranar da Aka Hana Ni Mutuwa a Agege

Kowa da abin da ke cin lokacinsa. Wani ƙwallo, wani kiwon tattabaru. Ni nawa kallon yaƙi ne, irin na kwaikwayo, wanda mutanen gari kan shirya don tuna yadda kakanninsu suka gwabza. Sana'ata sayen fata da ƙirgi a mayanka, amma da zarar na ji za a yi irin wannan wasa a wani garin Yarabawa, sai in bar wa ƙanena rumfa, in kama ƙaramar bas ta danfo zuwa tashar Ojota, in nemi mota. Matata ta yi magana har ta gaji.

Na ga masu kyau, na ga na banza, kuma ma'aunina ɗaya ne: yadda ake faɗuwa. A wani gari na ga dattijo, wai tsohon alƙali ne, aka buga masa bindigar toka ya zube cikin taɓo da babbar rigarsa ta agbada. Bai motsa ba har aka tashi, mata na kuka a kansa da hawayen gaske. Na dawo gida ina ƙyashinsu.

Shi ya sa da ƙungiyar 'yan garinmu mazauna Agege ta ce za ta kwaikwayi ranar da sojojin Turawa suka fasa garinmu, ni na fara kai kaina. Kakan mahaifina a ranar ya mutu. Ba barde ba ne, mahauci ne. Ya tsaya a bakin ƙofar gari da wuƙar fawa har mata da yara suka samu suka fice ta baya, sannan aka harbe shi. Cikin yaran akwai ɗansa, wanda ya yi ta yawo daga hannun wannan zuwa na wancan har jirgin ƙasa ya sauke shi a nan Agege. Shi ya haifi mahaifina da Baffa.

A lokacin Baffa kaɗai ya rage a cikinsu, ƙafa ta ƙi, ido ma sai a hankali. Na je na durƙusa a gabansa.

"Baffa, ni zan fito a matsayin kakanka. Za ka ga inda ya tsaya da yadda ya faɗi."

 Ya ce, "Har ubana ya koma ga Allah bai daina cewa bai waiwaya ba ranar. Idan Allah ya kai mu, ni sai in duba masa."

Tun a gwajin farko na san na shiga tsakiyar sakarkaru. Kowa Sarkin Yaƙi yake son zama, aka yi ta ja-in-ja har muka tashi da guda huɗu. Garkuwa kuwa ta kwali suka kawo, an shafa mata fenti, a garin da ake tara ƙirgi kullum kamar tsauni. Wani ya rantse ba zai cire agogonsa ba. Da aka zo kan waɗanda za su mutu sai kowa ya hau duba waya. Wannan ya ce matarsa na da ciki, bai dace ba. Wancan ya ce shi ba ya yi wa kansa mugun fata. Na ukun ne kawai ya faɗi gaskiya, ya ce shaddarsa sabuwa ce.

Shugaban ƙungiyar, wani Alhaji dillalin shanu, shi ya raba gardama. Ya dube ni ya ce, "Malam, abeg, a bar zancen faɗuwar nan. Mun gayyato Yarabawa, har da baale, mai unguwarsu. Sai mu tara su su ga an kore mu kamar awaki? Mu za mu ci."

"Alhaji, ai ba mu ci ba."

"Kana wurin?"

Aka kwashe da dariya, irin wadda ake yi wa maganar mai shanu ko ba ta da gishiri. Na raina su ƙwarai. Ban gaya wa Baffa ba. Na ƙudurta a raina su ci abinsu, ni dai zan faɗi a bakin ƙofa ko da ni kaɗai ne.

Ranar Asabar ce da hantsi, a filin wata makarantar firamare, an kwana ana ruwa. Na ɗauko Baffa a keke mai ƙafa uku, na zaunar da shi a kujerar roba a sahun gaba don ya gani da kyau. Ƙofar garin gora biyu ce aka kafa, aka jingina zana. Sojojin 'yan okada ne, masu haya da babur, aka ba su kaki, babbansu ya sha hoda har wuya don ya zama Bature. Bindigoginsu sanduna ne, ƙarar kuma ta abin wasan wutan nan ce da ake kira banga.

Na tsaya a ƙofa da wuƙar katako. Sojoji suka matso, aka fasa banga, na dafe ƙirji na zube. Ba yabon kai ba, duk yawona ban ga wanda ya fi ni iya faɗuwa ba. Taɓo ya shiga bakina. Filin ya yi tsit, hawaye suka zubo mini, don a wannan ɗan lokacin mutumin nan da ban taɓa gani ba nake yi wa kuka.

Sai mai sanarwa ya tsinke da ihu a lasifika. "Jama'a, kada ku tsorata! Wannan ɗan tauri ne, harsashi ruwa yake zama a jikinsa. Yanzu zai tashi!" Ya maimaita da Yarabanci. Masu kalangu suka ɗauka. Biyu daga cikin Sarakunan Yaƙin suka cafke ni ta hammata, ɗaya ya raɗa mini, "Oga, tashi mana, kana ɓata mana bidiyo."

Da na so, da na saki jiki sun ji nauyin mutum, ba su isa su ɗaga ni ba. Amma tafi ya ɓarke, ana "sai kai, sai kai," wata ta rangaɗa guɗa. Ni da ba a taɓa yi wa guɗa ba tun ranar aurena, sai na tashi. Har wuƙa na ɗaga sama. Duk rainin da na yi wa mutanen nan, ashe jirgi ɗaya ya kwaso mu, kuma har yau ban yafe wa kaina ba.

Sauran ba shi da daɗin faɗi. Sojoji suka zubar da sanduna suka haura katanga. Alhaji ya taka hular Bature, ya tsaya a kai har kowa ya gama ɗaukar hoto.

Na ja ƙafa zuwa wurin Baffa, na tarar Alhaji ya riga ni, yana share gumi.

"Baffa, ka ga yadda muka fitar da ku kunya?"

"Na gani, Alhaji, Allah ya yi albarka. Abu ɗaya ne ya shige mini duhu. Tun da mun ci, me ya kawo mu Agege?"

Alhaji ya yi dariya, ya ce tsoho akwai barkwanci, ya wuce gaida baale.

Na tsuguna a gaban tsohon, na kasa haɗa ido da shi. Baffa ya kamo hannun rigata, ya murza taɓon da ke jiki da yatsu.

"Da ka faɗi, na fara yi masa addu'a," in ji shi. "Ban kai ƙarshe ba ka tashi. Nemo mana keke, ɗana, mu tafi gida."