Garken da Ya Daina Tuƙa

Har gobe ban manta da ranar da ofishinmu na Rano ya tura ni wata ruga a bayan Kibiya ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikacin dabbobi, damina ta fara sauka. Ku sababbin nan da ke zaro allura tun kuna kan babur, ku buɗe kunne.

A makaranta malaminmu ya ishe mu da kalmomin Turanci biyu. Ya ce "chew" taunar kowa ce, mutum ko akuya, amma "ruminate" ita ce tuƙa, wato saniya ta dawo da ciyawar da ta haɗiye ta sake taunawa. Ya ce saniya mai lafiya ba ta barin tuƙa, don haka a fara saurare kafin a taɓa.

Na isa da azahar, na kashe babur, na kasa kunne. Tsit! Shanu kwance a inuwa, idanu buɗe, kusan babu bakin da ke motsi.

Mai garken, Baffa Jauro, ya ja ni wurin wata da ta faɗi. Baƙin jini na fita ta hancinta, ya ƙi daskarewa. Ciwon saifa ne, mai kama har mutum. Sai na ga ya zaro wuƙa, don makiyayi ba ya barin dabbarsa ta mutu mushe.

"Baffa, don girman Allah mayar da wuƙar nan! Binne ta za mu yi, ko fatar kada a taɓa."

Ya mayar da wuƙar, ya sunkuyar da kai. A cikin shirun garken nan na jiyo tauna, a hankali, caɓal-caɓal. Har na yi murna, na waiga ina neman saniyar. Ashe daga ƙofar bukka ne. Mahaifiyarsa ce, tsohuwa tukuf, akushi a cinyarta.

"Inna, me kike ci?"

"Hanta ce, ɗana. Ta wadda aka yanka jiya."

Kafin la'asar mun kwashe gidan kaf zuwa asibiti a motar wani ɗan kasuwa. Kowa ya dawo, ban da Inna.

Abin ya daɗe yana cin raina. Tun ranar, in na shiga ruga, kafin in tambayi wace ce ba ta da lafiya, sai na tambayi wace aka riga aka yanka, kuma wa ya ci.