Yadda Na Rage wa Gwamnati Kashe Kuɗi

Takardar albashina ta farko a tsaye na karanta ta, a bakin ƙofar ofis, cikin ranar bazara ta garinmu Garwa da ke sa kwalta ta yi laushi. A samanta akwai wani adadi mai kyan gani, wanda tun ranar da aka ɗauke ni aiki nake kashe shi a zuci: na sayi atamfa, na gyara wa Inna rufin ɗaki, har babur na taya. Daga nan layuka suka fara gangarowa, kowanne da abin da ya gutsura. Harajin albashi. Wani harajin da aka ɗora a kan harajin albashin. Kuɗin raya gari. Kuɗin asusun gidaje, ni da nake kwana a ɗakin da aka haife ni. Kuɗin talabijin, mu da ko rediyon gidanmu sai an mare ta take magana. Kafin in kai ƙasan takardar, abin da ya rage ya rame har ban gane shi ba.

Na kai wa Baba ita rumfarsa a kasuwa. Baba ɗan kasuwa ne jikan fatake, bai iya Faransanci ba, amma lamba ba ta ɓoye masa. Ya ɗora yatsa a sama.

"Wannan fa?"

"Albashina ne, Baba."

Ya gangaro da yatsan ƙasa. "Wannan kuma?"

"Shi ma albashina ne."

"To, wanne za a ba ki?"

Na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini takardar da yatsa biyu. "Ni mai haraji sai ya tako ya zo har nan," in ji shi. "Mu gaisa, in ba shi kujera, in yi masa kukan kasuwa, ya yi mini kukan iyali, mu rabu kowa yana ganin shi aka cuta. Ke naki ko sallama ba ya yi."

Maganar ta zauna mini a rai. Washegari na koma ofis da sabon ido. Duk abin da na kalla, kuɗina nake gani a jikinsa. Fitilar da aka bari a kunne da rana atamfata ce. Famfon da ke ɗiga a bayan gida rufin ɗakin Inna ne. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina da shaidar karatu da tawadarta ba ta gama bushewa ba, kuma ina jin haushin kowa.

Ofishin namu ƙarami ne, na gwamnati, a kan hanyar Pumpumre, ba sai na faɗi aikinsa ba, domin mu ma da muke ciki wani lokacin sai mun yi tunani. Muna da shugaba, wanda kowa ke kira Shef, da akawu, da wata Hajiya mai buga takardu da ta girme mu duka, da mu 'yan bi-yarima. Muna kuma da mota.

Farar mota ce a ƙarƙashin darbejiya, a zaune kan bulo huɗu. Tayoyinta sun tafi tun kafin in gama firamare. Kajin matar maigadi suna ƙwai a kujerar baya, kuma in gaskiya za a bi, wannan ne sashen ofishinmu da ya fi kowane fitar da sakamako. Amma a takarda motar lafiyarta ƙalau. Duk wata Shef yana sa hannu a tura ta aiki ƙauyuka, akwai shekarar da ta je har Bogo ta dawo. Duk wata uku takardun shan mai suna zuwa da sunanta, su zarce tankin motar Shef ta kansa.

Tana da direba. Baba Sofer muke ce masa, dattijo, Kirista, daga duwatsun bayan Mora ya sauko yana saurayi. Kullum shi ne farkon zuwa. Ya ɗebo ruwa a bokiti ya wanke ta, ya goge gilashi da tsohuwar jarida, ya buɗe gaba ya leƙa inji kamar mai duba maras lafiya, ya rufe a hankali don kada kaji su firgita. Sannan ya zauna a mazaunin direba, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a ƙasa, har a tashi. Ranar da na fara aiki shi ya nemo mini kujera mai ƙafa huɗu cif, kuma tun daga ranar 'yata yake ce mini.

Ga abin da kowa ya sani a ofishin ban da ni. Takardar ɗaukar Baba Sofer aiki a ɗaure take da lambar motar nan. In babu mota, babu direba. Saura masa 'yan watanni, ba su kai shekara ba, ya cika shekarun da ake ba mutum fansho. Don haka ne duk ofishin ya haɗa baki ya raya gawa. Sun daɗe da sanin haka har sun manta cewa abu ne da ake gaya wa baƙo.

Ana nan sai takarda ta zo daga Yawunde, babban birni. Aljihun gwamnati ya yi sauƙi, kowane ofis ya kafa kwamiti ya kawo shawarar inda za a rage kashe kuɗi. A lokacin gari duk maganar ke nan, a rediyo, a wurin mai shayi, a bayan ɗan acaɓa. Shef ya kafa kwamiti, ya zuba mu duka ciki ban da direba da maigadi. Ni aka ba rubutu saboda Faransancina sabo ne. Kowane zama ana kawo tsire da lemo mai sanyi, ana kuma ba da kuɗin zama, wanda shi ma an cire masa haraji.

Akawu ya fara. Ya ce a cire ƙwan fitila ɗaya daga kowane biyu. Aka yi na'am, har na rubuta, sai Hajiya ta tuna mana cewa kowane ɗaki ƙwai ɗaya gare shi. Aka koma kan takarda, a riƙa amfani da gaba da baya. Hajiya ta ce bayan ai yana da aiki, da shi mai ƙosai ta bakin titi take ƙunshe mana karin kumallo. Wani ya kawo shawarar a riƙa cire batirin agogon bango in an tashi, a mayar da safe. Wannan ta ci zama uku, domin an rasa wanda za a ɗora wa alhakin saita lokaci, kuma akawu ya ce in aka ɗora wa mutum sabon aiki sai an ba shi alawus.

A zama na biyar wani ya yi subul da baka ya ambaci na'urar sanyaya ɗaki ta ofishin Shef. Shef ya ajiye tsinken tsire. Ya ce ba don kansa yake kunna ta ba, shi ɗan Garwa ne, zafi ba baƙonsa ba ne. Don hatimi ne. In zafi ya yi yawa robar hatimi takan saki, kuma ofis ba hatimi ai rumfa ce kawai. Muka jinjina kai, na rubuta cewa an bar na'urar saboda lafiyar hatimi.

Tsakanin waɗannan kuma ga gardamar da ba ta ƙarewa. Ni da akawu muna cewa in gwamnati ta rage ci, za ta rage yankar mana albashi. Hajiya tana cewa, "Tun ina budurwa ake rage kashe kuɗi, ban taɓa ganin ragin ya biyo ta ƙofar gidana ba." Na ɗauka tsufa ne ya kashe mata zuciya.

Da haƙurina ya ƙare na ɗaga hannu. Na ce, "Shef, motar fa?"

Akawu ya kama tari. Shef ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Madmazel, motar tana aiki. Duba littafinta." Aka wuce. Hajiya ta mintsine ni a ƙarƙashin tebur, da muka fito kuma ta ce, "Yarinya, ki bar motar nan ta huta." Na fassara shi da tsoron Shef. Na ce a raina, ku ji tsoronsa, ni kuɗina yake ƙonawa a tanki.

Da na zo haɗa rahoto sai na ƙara shafi guda. Ban taɓa rubuta Faransanci mai kyan wannan ba, kafin nan ko bayansa. Na kwatanta bulo huɗu, na kwatanta kaji, na tambaya cikin ladabi yadda mota marar taya take shan mai. Ban ambaci direba ba ko sau ɗaya, domin ko tuna shi ban yi ba. Shef nake hari. Shi kuwa Shef yana alfahari da cewa ba ya karanta abin da yaransa suka rubuta, don ya yarda da su. Ya sa hannu, ya buga hatimi mai sanyi, aka aika.

Bayan wata biyu mai bincike ya sauka daga jirgin sama, shi da mataimaka biyu. Suka kama otal kwana huɗu, suka yi hayar mota ta kawo su su duba mota. Ya zagaya ta sau biyu yana riƙe da shafina. Ya tsuguna ya ƙirga bulo. Sannan ya ce doka ta ce sai an gwada tayar da ita a gabansa. Baba Sofer ya zo a ranar sanye da farar riga mai guga, don an ce masa manya za su zo ganin motarsa. Ya shiga, ya gyara madubi, ya murɗa makulli da gaske, har yana karkata kunne. Kaza ta fito ta taga. Mai bincike ya rubuta. Ya miƙa wa Shef hannu ya yaba masa jarunta, ya ce ofisoshi kaɗan ne ke tona kansu. Shef ya karɓi yabon da hannu biyu.

Da yammacin ranar Hajiya ta ja ni bayan darbejiya ta gaya mini komai. Ba ta ɗaga murya ba. "Shef yana shan mai, tsoho yana jiran retret ɗinsa ya samu fansho, kowa ya kama bakinsa. Ke kaɗai Allah ya ba alƙalami." Na ce me ya sa ba wanda ya gaya mini. Ta ce, "Na mintsine ki."

Amsa ta zo da saurin da ba a saba gani ba. An soke motar daga kayan gwamnati. An soke gurbin direba daga ƙarshen wata. Tunda ofis ya zama ba shi da mota, an ware wa Shef kuɗin sufuri. Janye motar kuwa zai ci kuɗi, kuma ana cikin tsimi, don haka a bar ta inda take. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Aka haɗo mana da takardar yabo, Shef ya sa aka yi mata firam daga kuɗin ofis. Albashina na watan bai ƙaru da ko sisi ba.

Na yi kwanaki ina shiga ta ƙofar baya don kada mu haɗu. Kunya nake ji irin wadda ke hana cin abinci, kuma ina tsoron ranar da zai tsare ni. A ranarsa ta ƙarshe ya wanke motar kamar kullum, ya kai wa akawu makulli, sannan ya zo teburina ya tsaya, hula a hannu.

"'Yata, jam na?" Ya tambayi lafiyata da yaren gari.

"Jam, Baba."

"An ce ke kika rubuta takardar nan."

Na kasa ɗaga kai. Na ce ni ce.

Ya jawo benci ya zauna. "Tun gashina yana baƙi nake ofishin nan. Ana aika takarda Yawunde, ta neman taya, ta neman batir, ta neman ƙarin girma. Ban taɓa ganin wadda aka amsa ba sai taki. Har mutum suka turo a jirgi." Ya murza hular. "Hannunki yana da sa'a. Ki rubuta mini ɗaya, su bar ni in cika watannin nan. Ko shara ce zan yi."

Na leƙa fuskarsa ina neman gatse, ina ma fatan in samu, da zagi ya fi mini sauƙi. Babu. Da gaske yake.

Na rubuta a ranar, shafi uku. Shef ya sa hannu, wannan karon bayan ya karanta sau biyu. Baba Sofer ya ce useko, wato na gode, ya yi mini addu'a irin tasu, na ce amin.

Duk Litinin sai ya zo, da ƙafa, daga can bayan gada. Ya tsaya wajen motar ya kaɗe mata ganyen darbejiya da hannu, sannan ya leƙo tagata ya tambaya ko amsa ta zo. In ce ba ta zo ba, Baba. Na sake rubutawa sau biyu. Damina ta shigo ta fita, watannin da yake nema suka wuce yana waje. Daga baya na ji zai mayar da iyalinsa duwatsu, a lokacin da mutanen can suke gudowa saboda hare-hare, don haya ta gagare shi a gari.

Litinin ɗin da ya zo sallama, na fito na same shi. Na buɗe baki in roƙe shi gafara, ya riga ni.

"Kada ki sa wa ranki damuwa, 'yata," in ji shi. "Ina ganin waɗannan kin yi su ne da gaggawa. In kin samu lokaci ki zauna ki rubuta a hankali, kamar waccan."