Numfashin Sakiasi

Ƙarfe biyar na safe, kafin in ɗora ruwan shayi, Sakiasi ya riga ya gangara bakin kogi. Ya duba man inji, ya kwashe ruwan da ya taru a kwale-kwale, ya tsaya yana kallon inda tsuntsaye suke faɗawa. Daga nan sai ya tattaro ƙugiyoyin baƙi, ya zauna a bencin kicin ɗina da awartaki yana danne ƙayar kowace ɗaya, don idan kifi ya kama a zare ta ba tare da an yaga masa baki ba.

"Inna, yau ma shayin nan kamar ruwan wanke-wanke," in ji shi.

"To ɗana, gangara kogi ka sha, ai ya fi yawa."

Ya girme ni da shekara ashirin da biyu. Amma sunan mahaifiyarsa aka raɗa mini wata biyu bayan rasuwarta, saboda haka ni ce innarsa, ni ce kuma innar yayarsa Miali. Da wannan ikon nake rubuta abin nan ban nemi izininsa ba, don na san da na tambaya hana ni zai yi.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan baƙi masu zuwa kamun kifi a wannan sansani na can arewa, ƙasar ƙanƙara, ni kuma na yi goma sha tara ina dafa musu abinci. Sati bakwai ne aikin a shekara, daga narkewar ƙanƙara zuwa dawowarta. Jirgin sama ya sauke mutanen kudu a kan ruwa, Sakiasi ya kai su inda kifin da muke kira ikaluk yake hawowa daga teku da jan cikinsa, ko tafkunan bayan dutse inda kifi mai ɗigo-ɗigo yake kwance. Su kama, su ɗauki hoto, su saki. A wannan sakin ne matsalar take.

Tun shekarar farko Miali ta ƙi abin. Da na girma har ni ta sa a ciki.

"Inna, ki yi wa ɗanki faɗa," take ce mini. "Kifi ya ba da kansa, a ƙi shi, a jefar? Da abinci ake wasa? Duk wanda suka saki mutuwa yake yi a ƙasan ruwa, mu dai ba ma gani."

Daga nan ba ta sake karɓar kifi daga hannunsa ba. Idan ya kai mata rabonta na kifin da aka kama da raga don cin gida, sai ta aika wa maƙwabta. Ba ta daina gaishe shi ba, ba ta daina ɗinka masa safar hannu ba, amma abincinsa ba ya shiga bakinta. Duk wanda ya tashi a garinmu ya san nauyin wannan. Ni kaina rabin zuciyata tana tare da ita, ba zan ɓoye ba. Shi kuwa abu ɗaya ya taɓa cewa: "Ko na bari baƙin za su zo, Inna. Gara a sami namu a tsaye a wurin."

Ga abin da tsayuwarsa ta haifar. Da zarar baƙo ya ɗaga kifi daga ruwa, Sakiasi sai ya ɗauke numfashinsa. Ba ya magana, ba ya motsi. Lokacin da ƙirjinsa ya fara zafi, ya miƙa hannu ya karɓe kifin, an gama hoto ko ba a gama ba. Sai ya durƙusa cikin ruwan nan mai sanyi ƙarara, ya juya kan kifin zuwa inda ruwa yake gangarowa, ya riƙe shi har ya ji jela ta buge shi. Adami, abokin aikinsa na shekara goma sha biyar, ya ce ya taɓa ganinsa durƙushe har rabin awa, hannuwansa sun yi fari fat, baƙi suna ta mita cewa yunwa suke ji.

"Na ce masa, tsoho, matarka ce?" in ji Adami. "Ya ce a'a, ita matata ai ta iya numfashi a tudu."

Yana ƙarami ya yi tarin fuka, har aka kai shi asibitin kudu shekara biyu. Huhun bai taɓa komawa daidai ba, da girma ya zo kuma sai numfashin ya riƙa gajarcewa. Mu a kicin muna gane hakan daga hotunan baƙi. A dā za ka ga mutum ya gyara hula ya yi murmushi. Daga baya sai rabin kifi da hannun Sakiasi.

A watan Agustan bara wani likitan haƙori mai suna Duval ya kama ikaluk irin wanda ake yin shekaru ba a gani ba. Ya ɗaga shi, abokinsa yana kici-kicin cire safar hannu don ya danna hoto, sai Sakiasi ya karɓe kifin ya mayar ruwa.

"Shekara ashirin ina mafarkin kifin nan!" in ji Duval. "Ko hoto ɗaya ban samu ba!"

"Ka yi haƙuri, baƙo. Numfashina ya ƙare."

"Naka ya ƙare. Na kifin fa?"

Sakiasi ya tayar da inji. Da suka dawo ya zauna a bencin nan, ya ce, "Inna, mutumin nan yana da gaskiya. Ma'aunin ya lalace. Yanzu baƙon nake zalunta."

Mai sansanin ba ya son rasa shi. Ya kawo masa agogo ya ce ya riƙa ƙirga daƙiƙa kamar yadda ake yi a wasu wurare. Sakiasi ya jujjuya agogon ya mayar masa.

"Wannan ba ya jin zafi a ƙirji. Ran da baƙo ya marairaice mini, ƙara masa zan yi."

Ya ƙarasa satin, ya wanke kwale-kwalensa, ya ajiye aikin, ya hau jirgi. Na tsaya a ƙofar kicin na yi kuka sosai.

Sakiasi, kai ne ka ɗauki aikin da naka suke ƙyama, ka yi shi yadda ba za ka ji kunyar kifin ba. Kai ne ka auna wahalar wani da ƙirjinka, kuma da ƙirjin ya gaza ka faɗi gaskiya ka sauka. Mai riƙon amanar kogi, innarka ta gode. Ku kuma masu jan baƙi da kuka rage, huhunku lafiyayye ne, ba ku da uzuri. Kada ku bari roƙon baƙo ya fi ƙarfin abin da kuka gani a wurin tsohon nan.

Abin da ya sa na ɗauki biro kuwa, a satin da ya wuce ya faru. Ina gidansa, yana zaune da robar iska a hanci, sai ga Miali ta shigo da sandarta, ta dire wani ƙaton ikaluk a kan kwali a tsakar ɗaki. A ragar gida aka kama shi, a bakin teku. Ta buɗe bakin kifin da yatsa ta nuna masa tabo biyu a muƙamuƙi, tabon ƙugiya, duka sun warke sumul.

"Shekara nawa ina feɗe kifi ban taɓa duba bakinsa ba," ta ce. "Kada ka ɗauka na sauya ra'ayi, har gobe wasa da abinci ne. Amma wannan bai mutu ba."

"Sau biyu ma, Yaya," in ji shi.

"Na iya ƙirga." Ta zauna a ƙasa ta miƙa masa wuƙarta. "Kai ka sake shi, don haka naka ne. Ba ni rabona."

Ya karɓi wuƙar ya yanko tsokar ciki ya miƙa mata. Ta karɓa ta ci.