Usta Shahata da Kwandon Hawa na Huɗu

Shekara talatin Usta Shahata yana gyaran keke a Damanhur, kuma a faɗarsa bai taɓa kuskure ba, sai dai ƙarfe ya yi masa gardama. Ba ya awo da takarda. Kallo ɗaya, ya kurɓi shayi, ya kunna walda.

Abokinsa Ammu Garib mai tallan tumatir da lalo ne ya kawo masa aiki. Gwiwoyinsa sun daina jin maganar feda, 'ya'yansa sun ce ya zauna a gida. Shi kuwa zaman gida da kabari duk ɗaya ne a wajensa.

"Sa wa kekena inji, Usta. In ba haka ba sun ritsa ni."

"Tsoho, sai ka roƙe ni birki!"

Kwana uku yana ƙarƙashin keken mai taya uku. Ya ɗaura injin tsohon babur, ya ja sarƙa biyu zuwa ƙarfen baya, ɗaya ta feda, ɗaya ta inji, ya gyara yadda in inji ya ja, feda ba za ta bugi ƙwaurin mutum ba. Faifan haƙoran baya kuwa ƙarami ya sa, don gudu. Keke ta tashi kamar an tsikari jaki.

La'asar sai ga Ammu Garib, kaya cike, lalo ya yi yaushi.

"Ta mutu ne?"

"Ina ma! Matan bene kwando suke zurowa da igiya in za su saya, ka manta? Kafin ya sauko na kai masallaci. In na rage wuta ta shaƙe. Ummu Nagat ta hawa na huɗu har cewa ta yi ko 'yan sanda ke bi na."

Usta ya sosa ƙeya. "Igiyarsu ce gajera," in ji shi, amma washegari da sassafe yana gindin benen Ummu Nagat.

"Hajiya, zuro kwandonki!"

"Me kake sayarwa, kai da baƙin hannu?"

"Zuro dai, don Annabi!"

Kwando ya taho daga hawa na huɗu yana lilo, Usta na takawa yana ƙirga sawu, don ya auna tafiyar da kwando zai iya cimma. Ya koma ya cire ƙaramin faifan, ya samo wani mai faɗin farantin biki ya sa, ya ƙara tsawon sarƙa.

Yanzu keken Ammu Garib na ruri kamar za ta Iskandariyya, amma akuya na wuce ta. Kafin azahar kaya sun ƙare. 'Ya'yansa sun bar maganar zaman gida.

Masu babur in sun wuce shago sai su yi ihu: "Usta, kunkurunka ya iso?"

Ko ɗago kai ba ya yi. "Gudu kowane jaki ya iya, ɗana. Je ka haɗa wadda ke jiran kwando, ka zo mu gaisa."