Damman Gonar Malam

Shekarun baya, tun Nasara ba su sauka Tasawa ba, ina yaro a makarantar allo ta wani ƙauye da ke tsakanin Mayahi da Kanambakashe. Ni ne wanda ake kira beben makaranta. Ba don ba na magana ba, sai don in babba ya tambaye ni abu, kafin in tattaro amsa ya gaji ya wuce. Abin da na iya shi ne jera abu daidai. Allona ba ya ɗigon tawada, alƙalumana kuma na gamba ne mai kyau, irin wadda ba ta fitowa sai can bakin gulbi. Duk kaka nakan tarar da ƙunshinta a soke jikin zanan zaurenmu. Na ɗauka kawuna ne ke kawo mini, don shi ne mai yawo, ban taɓa tambaya ba.

Aboki ɗaya gare ni, ɗan Fulani. Iyayensa suna bin shanu, arewa da damina, kudu da rani, shi kuwa aka bar shi gidan Malam yana karatu, yana ci daga tukunyar gidan. Yana ce mini kaɗo, ina ce masa mai warin nono, a haka muke. Ya fi ni kaifin kai nesa ba kusa ba. A shekarar da nake ba ku labari saura masa izu kaɗan ya sauke.

Al'adar garinmu ita ce, in kowa ya gama girbinsa, iyayen yara su taru gayya a gonar Malam. Maza su yanke hatsi, mu yara mu kwashe mu ɗaure, iyaye mata su kawo fura. Bayan nan kowane uba ya ƙara da dami daga gonarsa, a zuba rumbun Malam. Da wannan ake ciyar da gidansa har wata kaka. Mahaifin abokina bai taɓa zuwa gayyar ba, kuma ba shi da gonar da zai fitar da dami. Ko ya shigo gari ranar kasuwa, ta gaban makaranta yake wucewa da sandarsa a kafaɗa, ba ya ko waiwaya inda ɗansa yake zaune.

A shekarun ƙoshi ba wanda ya damu. To, wannan shekarar ruwa ya ɗauke da wuri, hatsi ya yi ƙanana, ga Malam kwance da zazzaɓin kaka, ba ya ko fita sallah. Sai kula da rumbunsa ya faɗo hannun mahaifina, don shi ne ya fi kusa da shi a cikin iyaye.

Mahaifina mutum ne mai auna komai. Ni ɗan farinsa ne, don haka bai taɓa kiran sunana ba, ni ma ban saba tsayawa gabansa ba. In zai aike ni, mahaifiyata yake gaya wa, ina zaune ina ji. Tun kafin ranar gayya na ji yana gaya mata cewa rumbun Malam ba zai kai damina ba in aka ci gaba da ciyar da wanda ubansa ba ya kawo ko zangarniya ɗaya. Ya ce abin da ya fi ba shi haushi, bara da rani Bafulatanin ya zaunar da shanunsa a gonar Malam, kowa kuwa ya san ba a zaunar da shanu a gonar mutum sai mai gonar ya biya ladar taki da hatsi. Wato uba ya kwasa daga rumbun, ɗa kuma yana ci daga ciki. Shanun sun dawo daga arewa, suna bayan gari, kuma saboda rashin ciyawa jibi za su wuce kudu. Ya ce gara a haɗa yaron da su tun da wuri.

Ni kuwa na san wani abu. Bara da rani, ni Malam ya aika da jaki da damman ladar taki zuwa mashekarin Bafulatanin, inda ya zaunar da shanunsa a gonar. Na tarar da mutumin yana cire turaku yana matsar da su gaba, kamar yadda na sha ganinsa yana yi duk lokacin da na je gindin gawon gonar in yi tilawa ni kaɗai. Tun daga gabas ya faro, yana matsawa sannu sannu don kashin shanun ya game ko'ina. Ya dubi jakin, ya dube ni, ya ce in mayar. Ya ce, “Ka ce wa Malam shanu ne suka zaɓi wurin, ba ni ba.” Na koro jakina na dawo. Malam ya yi murmushi ya sa aka mayar da damman rumbu, bai ƙara zancen ba. Mutanen gari sun ga fitar jaki da kaya. Dawowarsa ta bayan gari na bi, don kada in gamu da wanda zan gaisar.

Kun ji yadda kunyata ta shiga cikin maganar.

Na so in gaya wa mahaifiyata ta gaya masa. Sai na ga in ya tambaya, za a ce zancen yara ne. Na so in je wurin Malam, amma matarsa ta ce ko sunan 'ya'yansa ba ya ganewa ranar. Abokina kuwa da na tuntuɓe shi, sai ya ce in bari. Ya ce shi ba zai tsaya gaban mutane ya yi zancen ubansa ba ko da za a kore shi, kuma ai kiwo ba mutuwa ba ne. Yana faɗi yana goge allonsa da gefen riga, allon da ba ƙura a kansa.

Ranar gayya aka ba ni aikin da na saba, jera dammai. Wasu yaran inda suka ga dama suke jefarwa. Ni kuwa tun da can ba na iya haɗa dogo da gajere wuri ɗaya, raina ba ya kwanciya. Na gabas da gawo, inda shanu suka kwana, na jera su gefe guda. Na yamma, inda turakun ba su kai ba, na jera su ɗaya gefen. Da farko don halina na yi. Sai da rana ta take, na ja baya na duba, na ga ashe magana na jera. Na gabas zangarniyarsu kamar damtsen mutum, tsaba a cike har baki. Na yamma irin na kowa ne a wannan shekarar.

Aka zauna gindin gawo shan fura. Mai gari yana tsakiya, iyaye sun kewaye shi, mu yara muna can baya muna jiran sauran ƙwarya. Mahaifina ya kawo maganar a natse, ba da zafi ba. Da yawa suka gyaɗa kai. Wani ya ce shi ma 'ya'yansa sau ɗaya za su riƙa ci bana, bai ga dalilin da zai ciyar da na wani ba. Gaskiyarsa ce kuwa. Mai gari ya ce to, in ba mai wata magana, gobe a kai yaron ruga.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na dai tarar da kaina tsaye, idanu duk a kaina. Mahaifina ba zan iya dubansa ba, sai na je na durƙusa gaban mai gari. Murya ɗaya ce tak na sani mai ƙarfi a jikina, ita ce ta karatun allo. Da ita na yi. Na rufe ido, ina rangaji gaba da baya, na ja zancen kamar mai biya darasi: yadda aka aike ni da jaki, abin da mutumin ya ce, yadda na dawo da kayan ta bayan gari, da inda turaku suka faro da inda suka tsaya. Na ƙare da cewa ga dammai can, a duba.

Wani tsoho mai barkwanci ya ce, “Yau bebe ya yi magana, kuma da ƙira'a ya yi ta. A ce amin ko a ce mi?”

Aka yi dariya, ni kuwa na so ƙasa ta buɗe. Amma mutane suka tashi suka nufi damman. Manoma ne, ba sai an yi musu bayani ba. Kowa ya san abin da zai fitar daga rumbunsa kafin garke irin wancan ya kwana masa a gona rani guda. Mahaifina ya ɗaga na gabas, ya ajiye, ya ɗaga na yamma. Ya daɗe yana murza tsaba a tafin hannu. Sannan ya juya wajen mai gari, ba wajena ba.

Ya ce, “Wanga yaro ba ya ƙarya. Maganar ce dai ba ya yi. In haka ne, damin Bafulatani ya fi na kowa a nan, har da nawa.”

Shi ke nan, ba wanda ya sake tayar da zancen. Wanda ya yi kukan 'ya'yansa ma shi ya fara ɗaukar dami zuwa rumbu.

Washegari da safe mahaifina ya gaya wa mahaifiyata cewa a gaya wa yaron nan, wato ni, ya biyo shi. Muka je ruga, suna ta ɗaure kaya kan takarkarai. Aka shimfiɗa musu buzu, aka kawo nono. Suka yi zancen ruwa, suka yi zancen ciyawa da zurfin rijiyoyi, har na fara gyangyaɗi. Da za mu tashi, mahaifina ya ce gonar Malam tana nan in shanu sun sake ganin dama wata shekara. Mutumin ya ce sai abin da suka zaɓa. Mahaifina ya gyara hula, yana kallon wani maraƙi, ya ce akwai wani yaro a wurin Malam, an ce yana ƙoƙari, za a bar shi ya sauke.

Mutumin ya ce, “Haka nake ji ana faɗi.”

Iyakar abin da ya ce ke nan a kan ɗansa. Amma ya miƙo mini ƙwaryar man shanu in kai gidan Malam.

Abin ya tsaya mini a rai. Da muka koma gida na tambayi mahaifiyata, tana sussuka, yaya mutum zai yi wa ɗansa wahalar rani guda, yana jan ruwa a rijiya mai zurfi don shanu su zauna, sannan ya ce shanu ne suka zaɓa. Ta ajiye taɓarya ta dube ni, ta yi dariya har da riƙe ƙugu.

Ta ce, “Kai da ake cewa mai lura. Gambar da kake tararwa a zaure duk kaka, aljanu ke yanko maka? Kawunka da ko bakin gulbi bai sani ba?”

Sai na tuna duk kaka mahaifina yakan ce zai je kasuwar Mayahi, ya dawo ba abin da ya sayo, yatsunsa duk yankan ciyawa.

Malam ya warke da shigowar sanyi. Abokina ya sauke kafin damina, ni na yi masa zayyanar allo, da alƙalamin wannan gambar. Ranar walima mahaifinsa bai zo ba, sai dai an wayi gari an ga bijimi ɗaure a ƙofar Malam, ba a san wanda ya ɗaure shi ba, kowa kuma ya sani.

Yau ni ke zaune kan buzun Malam, iyayen yara ni suke yi wa gayya. Tun daga waccan kakar ba na saurin cewa wani uba bai damu da ɗansa ba. In na ga wanda ba ya leƙo makaranta, nakan duba abin da yaron yake zuwa da shi a hannu, in tambayi kaina wa ya tanada masa. Muryar karatun nan kuma har yanzu ita nake ɗaukowa in taro ya yi mini yawa, mutanen gari sun saba.

Mahaifina ban taɓa yi masa godiyar gambar ba, don da na yi da na kunyata shi. Abin da na yi kawai, duk ƙunshin da na tarar, nakan zauna a zaure in fere shi lokacin da na san zai wuce. Yakan rage tafiya kaɗan, ya yi gyaran murya, ya shige.